Ba Aisami, Wanda Ya Hana Mu Cike Rijiya

Idan aka sallame sallar asuba a Gure kowa ya kama hanyar gidansa, Ba Aisami kaɗai ke juya wa gari baya. Yakan hau tudun rairayi ya gangara kwari a hankali, yana tsayawa sau biyu ko uku ya yi tarin nan nasa mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Kafin ya isa babbar rijiya mata sun riga shi, sun jera tuluna, amma ba wadda ta jefa guga. Sai ya durƙusa, ya zura kansa cikin bakin rijiyar har kafaɗa, ya yi tsit. Shaƙa yake yi, yana kuma saurare. Abin da yake ji a ciki ban sani ba. Na taɓa zura nawa kan, ban ji komai ba sai sanyi da ya daki fuskata, da numfashina yana dawo mini daga ƙasa kamar na wani mutum dabam, na janye da sauri. Shi kuwa sai ya gama saurarensa ya ɗebo gugar farko da hannunsa, ya guntsi ruwan, ya riƙe a baki har mai kallo ya ƙosa, sannan ya haɗiye. In ya gyaɗa kai, hayaniya ta tashi, igiyoyi su fara sauka. Ba wanda ya sa shi wannan aiki, ba kuma wanda ya ce wa mata su jira shi.

Haka yake yi har watan jiya. Yanzu ƙirjin ya ƙi, tudun ya fi ƙarfinsa. Matarsa Yabawa ta naɗe igiyarsa ta rataye a ɗaki, ta jingine dagin a bayan ƙofa, ta ce shigar da ya yi cikin ƙasa ta isa, wadda ta rage ta Allah ce. Shekara arba'in da ɗoriya mutumin nan yana haƙa rijiya, daga nan har Gamu da Kelle da ruggage waɗanda ba su da suna, ban ji maroƙi ya taɓa kiran sunansa ba.

Ni Manzo ne, mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa. Na cika takardu da yabon manyan da ban taɓa gani ba, don an ce in rubuta. Wannan ba wanda ya ce in rubuta ta. Ina yin ta cikin ranin shekarar da Nasara ke kira 1938, mutumin yana da rai, don a karanta masa ya ji da kunnensa. Kuma bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya riga ni: a duk garin nan ba wanda ya yi masa abin da na yi masa. Za mu zo wurin.

Ba Aisami Babarbare ne, "Ba" ɗin nan Baba ke nan a bakinsu, gajere, mai faɗin kafaɗa, idanunsa ba sa son rana, kullum a tsuke suke. Tun zuwansa ake ɗan ja da baya da shi. Ana cewa mai yini a inda ake kai matattu ba ya rasa abokan hira a can. Ni ma na faɗa, da daɗin baki kuwa.

Wani Bafulatani mai shanu a wajen Gamu, Hamma, ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa. Rijiyarsu ta ƙafe, ƙanensa ya shiga yasa. Ya sauka lafiya, ana jin ƙarar daginsa, sai aka daina ji. Aka kira, shiru. Wani ɗan'uwansu ya bi shi, shi ma shiru. Ba ihu, ba ƙarar faɗuwa. Mutane suka watse daga bakin rijiyar, aka aika a kira Ba Aisami. Da ya zo bai tambayi kowa komai ba. Ya kunna fitilar mai, ya sa ta cikin ƙwarya, ya zura da siririyar igiya. Hamma ya ce duk suka leƙa suna kallon wutar tana ƙanƙancewa tana nisa. Babu iska ko kaɗan. A wajen gaba goma sai ta mutu farat ɗaya, kamar an sa yatsu biyu an tsuke ta.

"Ta riƙe numfashi," in ji Ba Aisami. "Wanda ya shiga yanzu, na uku ne."

Ya sa aka ɗaure dammunan kaba ana zurawa ana ja, ana zurawa ana ja, rabin yini, don a kaɗa iskar ciki. Sau uku yana sake sauke fitila, sai a ta ukun ta kai ƙasa da ranta. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu. Maza ke ja, amma hannun Yabawa na bisa igiyar, kamar kullum, gama ta nan su biyu ke zance, ta san motsinsa na lafiya da wanda ba na lafiya ba. Ya fito da mutanen ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya ce abin da ya kasa mantawa shi ne ba rauni ko ɗaya a jikinsu. Ba Aisami ya gaya masa a zaune ya same su, sun jingina da bango kusa da juna, kamar masu jiran a kira su.

Kai ne, Ba Aisami, mai shiga inda wuta ta ƙi zama, ka fito wa mutane da nasu don su samu abin yi wa salla. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Shekara huɗu ke nan, da rani, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar nan, ya aiko tafinta ya gaya wa dattawa cewa akwai siminti da ma'aikata na aiki ɗaya tak, mu zaɓa. Ko a datse koramar da ke gangarowa daga duwatsun Kutus da damina, a tara ruwanta ya kai mu shekara, ko a haƙa rijiya mai zurfi a kwari. Koramar nan gulbi muke ce mata, don ba mu taɓa ganin wani ba. Wata uku take yi da kyar, amma ruwanta akwai garɗi, mai ƙamshin ƙasa, fura da shi sai wanda ya sha. In ta ƙafe mu koma ƙananan rijiyoyin kwari masu zartsi, waɗanda ke rushewa kowace shekara, ruwansu ya bar wa mutum ɗanɗanon kanwa a harshe har dare. Don haka da aka taru a ƙofar Bulama Fannami, mai unguwarmu da aka ɗora wa maganar, kusan kowa korama yake so. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce ruwan sama daga hannun Allah yake zuwa a fili kowa na gani, na ƙasa kuwa ba wanda ya san da wa ya kwana.

Bulama ya juya ya ce, "Ba Aisami, kai ba ka ce komai ba."

Ya tashi, ya naɗe wandonsa har gwiwa. Ƙafafun duk tabo ne, fari-fari, zagayayyu, irin wanda kurkunu ke bari. Ba wanda bai san kurkunu ba a nan. Farar tsutsa ce siririya, ta fi kamu biyu tsawo, wadda ke huda fata ta leƙo a farkon damina, daidai lokacin da ake bukatar ƙafa a gona. Mun ɗauke shi abin da damina ke zuwa da shi, kamar sauro.

Ya ɗora yatsa a kan tabo ɗaya. "Wannan na tafkin bayan Kelle ne. Wannan na wata korama ce a hanyar Damagaram. Kowanne na san inda na sha shi. Ni mutum ne mai yawo, Bulama. In na sha ruwan kwance a wani gari, sai in tafi inda ba ruwa sai na rijiya, in yi shekara ina aiki. Ranar da shekara ta zagayo, a can zai fito mini, ni kaɗai, mutanen garin ba mai ko ɗaya. Sau huɗu ina gwadawa da ƙafata. Ruwan da ka sha bana, baɗi yake fitowa."

Na ce, "Haba Ba Aisami! Ruwan da na sha da safe, kafin azahar na fitar da shi. Wane ruwa ne zai yi shekara a cikina, ɗaki ya gina?"

Aka yi dariya sosai, na ji daɗin kaina. Bai dube ni ba. Ya jira dariyar ta kwanta, sannan ya ba mu labarin garinsu, wanda babu shi yanzu. Ya ce su ma sun yi tafki, sun tare ruwa da hannunsu, sun sha shekara biyu suna murna. Shi yana can wajen aiki. Ya dawo tsakiyar damina, da rana tsaka. Tun daga gonaki ya ga ciyawa ta fi hatsi tsayi, hauyoyi na jingine a gindin itatuwa. Ya shiga gari, ba daka, ba hayaƙi. Awaki na yawo cikin gidaje suna cin danga. Ya yi sallama a gida na farko, aka amsa can ciki, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya fito. Ya leƙa. Mutum shida kwance a jere, kowa da tsinke ɗaure a ƙafa, an naɗe farar tsutsa a jiki, wani biyu, wani biyar. Gida na biyu haka, na uku haka, har gidan uwarsa.

"Ba gawa ko ɗaya ranar nan," in ji shi. "Idanu ne kawai ke bi na. Ba kurkunu ya kashe su ba. Gonar da ba a nome ba ce ta kashe su, da rani."

Sai ya ƙara da abin da har yau ban manta ba. Ya ce, "Wata uku kuke shan koramar nan, tana kwantar da rabinku. Yanzu kuna so ku ɗaure ta ku sha wata goma sha biyu. Kuma ku ji da kyau, ko an haƙa rijiya, damina mai zuwa zai fito, da yawa ma, gama bara ruwa ya daɗe. Yana cikinku yanzu da muke zaune nan. Yana kwance, yana tsawo."

Na ga dattawa suna sa hannu a ɓoye suna shafa ƙwaurinsu. Ni ma na shafa. Bulama Fannami, wanda damina biyu ya yi a kwance, ya ce rijiya za a haƙa, aka tashi ba wanda ya yi wa wani ba'a.

Wata huɗu ana aiki. A gaba shida suka tarar da ruwa, ma'aikata suka yi kabbara, Ba Aisami ya ɗanɗana ya tofar, ya ce wannan zartsin da muka saba ne, ya sa aka toshe shi da siminti aka wuce. Suka shiga yumɓu baƙi, mai tauri, kwana da kwanaki ba alamar laima, har mutane suka fara cewa kabari yake haƙa wa gari. A gaba ashirin da biyu, wata hantsi, waɗanda ke bakin ramin suka ji wani dogon huci ya taso daga ƙasa, kamar saniya ta kwanta. Yabawa ta miƙe tsaye ta ce, "Ku ja!" Suka fito da shi jiƙe har ƙirji, yana rungume da ƙwarya. Ruwa ne garai, mai sanyi, da ɗan ɗanɗanon dutse. Ya miƙa wa matarsa ta fara sha.

Gari duka ya koma rijiya. Sati shida, ko bakwai, aka yi ruwan shuka. Sai ƙafafu suka fara zafi.

Ban taɓa ganin shekara irin wannan ba. Unguwarmu kusan ba gidan da ba mutum biyu ko uku a kwance. Da rana tsaka in ka bi lungu ba ka jin komai sai nishi ta bayan danga. 'Yata Mairamu tana da shekara shida a lokacin, uku suka fito mata lokaci guda, ɗaya a idon sawu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sai baki kawai take buɗewa. Ina zaune ina kallon farin abin nan yana leƙowa daga jikin 'yata yana motsi, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

To a nan muka yi kuskuren da nake so a rubuta, don na baya su sani. Mutum in ciki ya murɗa masa, abin da ya ci jiya yake tuhuma. Me muka sake a bana? Ruwa. Daga ina? Daga ramin da aka haƙa har inda ba a taɓa kaiwa ba. Wani ya tuna hucin nan da aka ji. Wata ta ce ta ga farin abu a gugarta. Nan da nan magana ta haɗu: Ba Aisami ya fasa gidan mutanen ƙasa, su ne suke aiko mana da 'ya'yansu ta ƙafafunmu. Gargaɗin da ya yi mana a ƙofar Bulama ba mu manta ba, juya shi muka yi. Muka ce yaya aka yi ya sani tun kafin abin ya zo, in ba da shi aka shirya ba? Wannan maganar daga bakina ta fara fita, ina jin zafin 'yata. Korama kuwa ta kawo, ja-ja-ja, gari ya koma mata da gudu, masu tsutsa a ƙafa suna shiga ciki har gwiwa don sanyin ruwan na rage musu raɗaɗi, mata na ɗiba a gefensu.

Kumandan ya tafi rangadi. Ran wata Laraba bayan azahar, mu wajen talatin masu sauran ƙafa muka ɗauki kwanduna da duwatsu muka gangara kwari mu cike rijiyar. Ba kowa a wurin, ko tsuntsu ba ya kuka. Yabawa kaɗai ke zaune a ƙasa kusa da bakin rijiya, igiya ta bi ta kan cinyarta ta shige ciki. Ba ta tashi ba.

Ta ce, "Ku yi sallama tukuna. Akwai mutum ciki."

Na ce, "Iya, ki bar wannan dabara, mu ba yara ba ne." Na cika kwando da rairayi, na juye. Na ji saukarsa, shuuu, ya daɗe yana tafiya. Sannan shiru. Na juya in ɗebo na biyu.

Sai tari ya taso daga ƙasa. Daga nan murya, a hankali, tana zuwa biyu-biyu saboda zurfi, kamar mutum biyu ke magana da baki ɗaya.

"Wane ne wannan mai saurin hannu? Malam Manzo, kai ne?"

Kwandon ya faɗi daga hannuna. Wasu sun riga sun kai rabin tudu da gudu. Na leƙa, ban ga komai ba sai ɗigon wutar fitila can ƙasa, ƙanƙane, yana rawa.

"Ku zuba," in ji muryar. "Ba ni da ƙarfin hana ku. Amma ku yi sahu ku sallace ni tukuna, ni musulmi ne. In kun idar, sai ku zuba."

Bulama Fannami, da aka kawo bisa jaki don shi ma ƙafarsa ta fashe, ya sa aka matso da shi. Ya ce, "Ba Aisami, fito mu yi magana. Mutane sun wahala."

"Na sani, Bulama. Na bara ne ke fita. Damina ɗaya nake roƙo. Mai son korama ya sha korama, ban hana kowa ba. Ku bar mini ko gida biyar bisa rijiyar nan, kada su taɓa wani ruwa. In baɗi war haka ƙafarsu ta fashe, ni zan cike ta da hannuna, in bar muku gari."

Muka watse ba mu ce i ba, ba mu ce a'a ba. Shi ya san mu, bai yarda da shirunmu ba. Kwana goma sha tara yana sauka da hantsi, bai fitowa sai rana ta faɗi, yana zaune kan wani katako da ya gicciya bisa ruwa, cikin sanyin nan, matarsa na riƙe da igiya. Da duhu kuwa ba ya bukatar gadi, tsoro ya isa. A rana ta ashirin Bulama ya rantse a gaban liman ba za a taɓa rijiyar ba sai shekara ta zagayo. Tarin da yake yi yanzu, a wannan zaman ramin ya ɗauko shi.

Gida bakwai suka tsaya a kan rijiya, yawancinsu gidajen tsofaffi da korama ta yi wa nisa. Sauranmu muka daina gaishe shi. In ya shigo kasuwa, a janye yara. Ni na kafa doka a gidana, na ce wa matata Zinariya ruwan ramin nan kada ya ƙetare mini ƙofa. Ta ce, "To, Malam." Da ma na san irin wannan "to" ɗin nata, amma fushi ya rufe mini ido.

Shekara ta zagayo, aka yi ruwan shuka. Na tashi wata safiya na ji gwiwata ta dama kamar an ɗora garwashi. Kafin sati biyu bakwai suka fito mini. Unguwa ta sake kwanciya. Ina kwance a zaure ina kallon waje ta ƙofa, sai na fara lura da masu wucewa da hauya a kafaɗa. Su ne dai, su ne dai, kullum mutanen gida bakwai ɗin nan. Har tsohuwar da ke tafiya da sanda ta wuce ni tana zuwa gona. Sannan na ji gudu a tsakar gidana. Mairamu ce ta bi ɗan akuya, ƙanenta na bin ta, ƙafafunsu sumul.

Na kira Zinariya. Na ce, "Yaran nan wane ruwa suke sha?"

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ce kada ya ƙetare ƙofa, bai ƙetare ba. Randa na binne bayan rumbu, ta wajen danga. Da rana tsaka nake zuwa, lokacin da ba kowa. Kai na bar maka koramarka, tunda ita kake so. Ka yi mini abin da za ka yi, amma ni ba zan sake jin kukan bara ba."

Na juya fuska ga bango na yi kuka, kukan kunya da na godiya a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba.

Kashegari aka yi sallama. Ba Aisami ne, da tsinkaye a hannu. Bai tambaye ni ko ya shigo ba. Ya zauna, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya kama kan tsutsar ya fara naɗewa. Ba a jan kurkunu da ƙarfi, in ya tsinke a ciki ƙafar ta tafi. Kullum faɗin yatsa ɗaya ko biyu, a ɗaure, a jira gobe. Kwana arba'in da wani abu yana zuwa, daga gidana ya wuce wasu gidajen. Na yi ta jira ya ce ai ya faɗa, ko ya ambaci kwandon nan, in samu in roƙe shi gafara. Bai ambata ba. Tsutsar gwiwar ta riga ta ɓata jijiya, har yau ƙafar ba ta lanƙwasuwa, a zaune nake salla. Ranar da ta ƙarshe ta fita, ya ɗaga ta a tsinke ya nuna mini, sannan ya taɓa ramin da ta bari.

Ya ce, "Wannan na korama ne. Ka riƙe sunansa, za a tambaye ka."

Tun daga shekarar nan korama ta zama ta shanu da wanki. Mata da kansu suka fara jiransa da safe. Bara mutum huɗu kaɗai kurkunu ya kwantar a unguwarmu, kuma duk huɗun an san inda suka sha.

Kai ne, Ba Aisami, ka karanta ƙafarka kamar yadda ni mai alƙalami na kasa karanta tawa. Kai ne ka zauna cikin duhu kwana goma sha tara don mutanen da suka zo binne ka. Na zuba maka ƙasa a ka kana da rai, ka kwashe ta da hannunka, ka zo ka ɗora ƙafata a cinyarka. Na gode. Ka yafe mini, yau na faɗa a gaban kowa tunda ka ƙi ba ni dama in faɗa a zaure. Ke ma Iya Yabawa, da kika riƙe igiya kina kallonmu da duwatsu a hannu, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma masu sauran ƙarfi, ga shi can zaune a ƙofar gidansa, hankalinsa garas. Ku je ku koyi yadda ake sauke fitila, da yadda ake gane ruwan da za a wuce da wanda za a tsaya. Igiyar da ke rataye a ɗakin Yabawa ƙugu take jira. In kuma wani ya zo muku da zancen garɗin ruwan korama, ku turo mini shi kasuwa, zan naɗe masa wando.

Da ya kasa sauka kwari, kwana biyu mata suka tsaya cirko-cirko a bakin rijiya, ba wadda ta iya jefa guga. A rana ta uku na ce su ba ni moɗa. Yanzu ni ke ɗebo gugar farko, in hau tudun da ƙafata ɗaya da rabi, ina tokara sanda, rabin ruwan na zuba a hanya. In same shi a ƙofa, ya guntsa, ya riƙe a baki, ina tsaye ina haki. In ya haɗiye ya gyaɗa kai, sai in koma kan tudu in ɗaga sandata sama, in ji igiyoyi sun fara sauka. Zan yi ta kai masa muddin yana iya haɗiyewa.